Turken Inna Tumba

Gidanmu na Darna Sabon Gari ba shi da wani abin nunawa, in ban da rumbuna da wata tsohuwar magarya a bakin danga. Amma idan sanyi ya shigo, aka gama kai amfanin gona gida, duk unguwar babu ɗakin da ya kai na Inna Tumba cika. Ita ta haifi babanmu. Gajeruwar tsohuwa ce mai jan bakin goro, ga faɗa kamar ta ari baki, kuma ba ta iya zama hannunta babu aiki. Da an idar da sallar isha'i za ta sa a kwaso mata karan dawa a hura a tsakar ɗaki, ta jawo ƙwaryar gyaɗa, ta miƙe ƙafafu. Mu jikoki mu kewaye wutar, kowa ya ɗebi kasonsa na ɓara, domin a dokarta wanda hannunsa ba ya motsi kunnensa bai cancanci tatsuniya ba.

Har yau idan na ji ƙaurin kara yana ci, sai in ji yatsuna suna neman ɓawon gyaɗa.

Cikin masu zaman wutar nan akwai Lawali, ɗan goggona da ke aure a Ƙonni, tsallaken boda. Taubashina ne, kuma sa'ana. A wancan lokacin boda a wurinmu ba komai ba ce illa wurin da ake sauka daga mota a taka kaɗan a hau wata. Duk jajibirin kasuwar Illela goggo takan zo da kayanta na sayarwa ta kwana a gidanmu, Lawali na biye da ita da wandonsa na makarantar Faransanci. Ranar da ya zo, ranar ce ta babbar tatsuniya. Sauran dararen kuwa 'yan gajeru Inna ke ba mu, na kura da zomo, waɗanda kafin wuta ta ci rabin kara sun ƙare.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta yi gyaran murya, ta dubi ƙofa kamar ta ji sallama, ta ce, "Baƙuwa ta iso, tana bakin ƙohwa."

Mu haɗa baki mu ce, "Ta shigo, akwai wuri!"

Babbar tatsuniyar ta wani manomi ce mai suna Tanko. Yana da ƙane guda, wanda wata rana ya hau tsamiya ya kaɗo 'ya'yanta ba tare da ya yi wa mai wurin sallama ba. Aljanar tsamiyar ta fusata, ta ɗauke yaron ta kai shi wani gari da ke bayan ƙarshen daji, tafiyar da ba a gama ta a shekara guda. Tanko yana son ya bi sawu, to amma ga tsohuwar uwa, ga gona, ga awaki. Ya ce bari a gama shuka. Aka gama, ya ce bari a gama noma. Daga nan sai girbi, daga girbi sai gyaran rumbu, kafin ya ankara hadari ya sake haɗuwa a gabas. Rannan ya tarar da wata tsohuwa a bakin rijiya guga ya fi ƙarfinta, ya ja mata ruwa. A nan Inna takan canza murya, ta maƙale ta kamar ita ba tsohuwar ba ce:

"Kai yaro, mi kaka jira? Aiki akuya ta, kullum da ciki. In kana jiran ta ƙare haihuwa, ƙanenka sai ya yi hurhura can."

Tsohuwar ta ba shi wani turke na icen ƙirya. Ta ce duk ɗan abin da ya rage masa na yini bayan aiki, ya tafi da shi iyakar ƙarfinsa. Inda ya gaji ya kafa turken, ya rufe ido, zai gan shi a gida. Gobe idan ya sake samun sarari, da ya sa ƙafa waje zai tsinci kansa a gindin turken, ya ɗora daga nan.

Haka Tanko ya riƙa cin doguwar tafiyar nan gutsure-gutsure, yau tsakanin la'asar da magariba, gobe kafin awaki su dawo kiwo. Ya ratsa garin da mutanensa ke aron inuwar juna ranar biki. Ya haɗu da maharbi makaho wanda ke harbi da jin ƙamshi, da wata gurguwar kura da ta yi rantsuwa ta bar cin nama amma kullum tana neman malamin da zai warware mata rantsuwar. Duk suka zama abokan tafiyarsa. Kuma duk lokacin da labari ya kai inda numfashinmu ya tsaya, sai Inna ta karkaɗe zaninta ta ce, "Tanko ya gaji, ni ma na gaji. Mu kahwa turke nan."

Ba irin roƙon da ban yi mata ba. Washegari idan Lawali ya koma Ƙonni sai in lallaɓa wurinta, in tsinko mata magarya, in ce, "Inna, ki ƙara muna ko kaɗan, ba mu hwaɗa mishi."

Sai ta harare ni ta ce, "Ji min mugun miji! Kai maigida, tahiyad da anka hwara da mutum ba a ƙare ta bayan ido nai. In kana sauri, tashi ka bi Tanko da ƙahwa."

Ina jin haushin Lawali a kan wannan, ina kuma ƙaguwa ya zo. Duk jajibirin kasuwa ni ne a bakin hanya tun la'asar, ina leƙen kowace mota.

Ana nan sai mijin goggo, wanda direban babbar mota ne, ya kwashe iyalinsa suka koma Tawa, daga can kuma suka wuce Agadas. A zaman ƙarshe da muka yi, Tanko ya iso bakin ganuwar garin aljanar. Yana jiyo muryar ƙanensa a ciki yana waƙar kora tsuntsaye, ga ƙofa a gabansa, ya ɗaga hannu zai buga. Nan Inna ta kafa turke. Sanyin shekarar ya wuce, wani ya zo ya wuce, ba ta ƙara ko kalma ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, Lawali bai ɓace gaba ɗaya ba. Yakan zo jefi-jefi, wata Sallah ko rasuwa ko suna. Duk zuwan da ya yi sai mu je mu durƙusa gabanta mu ce to, ga mu mun cika. Ita kuma ba ta rasa hanzari. Yau murya ta dushe. Yau babu gyaɗa a gida, ita kuwa ba ta tatsuniya da hannu sake. Yau baƙi sun yi yawa. "Sai wani zuwan, angon Ƙonni," haka take ce masa, tana cusa masa ƙuli-ƙuli a aljihu. Da na fara wayo sai na yanke wa kaina hukunci cewa tsohuwar nan ta manta ƙarshen labarin ne, ko kuma dama ba ta taɓa saninsa ba, girman kai ya hana ta faɗa. Ta rasu cikin wata damina. Lawali bai iso ba sai da aka share makoki.

Shekaru sun ja kafin mu sake zama wuri guda ni da shi. Ya dawo Ƙonni da zama bayan ya koyi kanikanci, ni kuma na fara bin babanmu harkar albasa, dukanmu ba mu yi aure ba. Wata rana ya tsallako da wani kwali ɗaure a bayan babur, yana murmushi kamar wanda ya sato amarya. Na'urar gem ce, irin wasan da ake haɗawa da talabijin, gwanjo ya samo ta a Yamai. A cikinta akwai wani gem da ban taɓa ganin irinsa ba. Ba irin na ƙwallo ko na tseren mota da yara ke bugawa a shago a tashi ba ne. Wannan mutum ake ba ka, ka raɗa masa suna, ka zaɓa masa sana'a, ka fita da shi duniya. Ka shiga garuruwa, ka yi magana da mutane, ka tara abokan tafiya, ka yanke shawarar wa za ka taimaka wa za ka bari, kuma abin da ka zaɓa yau zai tare ka a gaba. Labari ne da ake wata da watanni ba a ga bayansa ba. Da aka zo wurin raɗa suna, ko shawara ba mu yi ba, Lawali ya rubuta Tanko.

Matsala guda, duk maganar cikinsa da Faransanci take, ni kuwa Faransancina bai wuce na gaisawa da jami'an boda ba. Sai muka raba aiki. Ni ke riƙe da rimot, ni ke faɗa da dodanni, shi kuma yana kishingiɗe a tabarma yana karantawa yana juya mini da Hausa. Idan sarki ya yi magana, sai Lawali ya ba shi muryar dillalin shanu. Idan mai gadin ƙofar birni ya tare mu, sai ya ce, "Wai ya ce a ba shi na goro, in ba haka ba takardunmu ba su cika ba." Akwai wata bokanya a cikin tawagarmu da ya mayar mafaɗaciya, komai aka yi sai ta ce an raina ta. Mukan yi dariya har babanmu ya aiko a ce mu tuna akwai maƙwabta. Duk jajibirin kasuwa yakan zo, mu ci gaba daga inda muka ajiye. Ko sau ɗaya ban taɓa kunnawa ba idan ba ya nan.

Sai rayuwa ta yi abin da ta saba. Na yi aure, shi ma ya yi. Ƙafafun babanmu suka gaza, harkar ta dawo kaina gaba ɗaya. Wanda bai san albasa ba yana ganin kaya ne kawai a buhu, bai san cewa ita ba ta jiran kowa ba, kwana kaɗan ka yi sakaci ta fara ruɓa tun daga tsakiya. Tun asuba waya ke fara kuka. Manomi a Amarawa yana son a zo a ga kaya, masu lodi sun yi yaji, direba ya kira daga wani daji a Kudu ya ce taya ta fashe. In dawo gida ga yara, ga tsoho yana son a zauna a ji ciwonsa, ga zumunci, yau suna gobe jana'iza. Zuwan Lawali ya koma wata-wata. Ana cikin haka aka rufe boda na wani tsawon lokaci, aikinsa ya tsaya cak, ya tattara ya nufi Arlit inda aka ce ana neman kanikawan manyan motoci. Na'urar ya bar mini ita. Ya ce in riƙe, in ya dawo mu ƙarasa.

Ta zauna a ƙarƙashin talabijin har uwargidana Hadiza ta lulluɓe ta da ɗankwali, ta mayar da ita wurin ɗora kwanon magani. Akwatin aljanu take ce mata. Ni kuwa kullum ina yi wa kaina alkawari: idan kakar albasa ta wuce zan ware mako guda cur, in kira Lawali ya zo, mu rufe ƙofa. Kaka ta wuce, azumi ya shigo. Azumi ya wuce, damina ta sauka da nata. Makon nan dai har yau ban ga ƙeyarsa ba.

Kuma abu ne da ba ni da wanda zan yi wa zancensa. A majalisarmu ta bakin kasuwa hira ba ta wuce ƙwallo da siyasa da farashin buhu. Ka ce magidanci kamata, mai furfura a gemu, ya buɗe baki ya ce yana kewar wata bokanya da ke cikin talabijin? Kafin la'asar an kira mai ruƙiyya. Sai in sha shayina kawai. Kaɗaici iri-iri ne. Nawa ba na rashin mutane ba ne, don mutane har sun yi mini yawa. Na rashin mutum guda ne wanda zan ce masa "ka tuna mai gadin nan?" ya fashe da dariya.

Wata rana na kasa daurewa, na ɗauki hoton na'urar da ɗankwalinta na tura masa. Sai bayan kwanaki amsa ta zo, saƙon murya, ana jin ƙarar guduma a bayansa.

"Taubashi, ashe har yanzu kana aje da abin ga? Wallahi ni na mance ma inda munka tsaya. Ka shiga wurin gyare-gyare nai, akwai inda aka juya shi Ingilishi. Ci gaba abinka, kak ka jira ni."

Na daɗe da sanin ana iya juya shi, ban dai taɓa faɗa masa na sani ba. Maganarsa ta yi mini zafi fiye da yadda ta kamata. Na saurare ta, na sake saurara, ina neman inda zan ji alamar wasa yake, ban samu ba.

Cikin fushi na fara bugawa ni kaɗai, ba zan ɓoye ba. Kuma a nan ne tsohuwar bakin rijiya ta yi mini rana. Na daina jiran mako guda. Na duba yinina na ga akwai wani ɗan rami tsakanin azahar da la'asar, lokacin da rana ke korar kowa daga kasuwa, masu lodi su shige ƙarƙashin motoci su yi barci. Lokacin ne kuma batirin sola ya fi cika. Sai in hau babur in zo gida, in kashe waya in jefa ta cikin hula, in zauna. Da Inna Tumba na da rai da ta ce mai tatsuniya da rana ɓata yake a kasuwa, kuma da ba ta yi ƙarya ba, don ranar farko sai da na bar wani direba yana nemana har ya yi fushi.

Da fari duk ɗan lokacin a tuna-tuna yake ƙarewa: wane maɓalli ne na sara, ina ma za mu, wannan mai jar rigar abokinmu ne ko maƙiyi? A hankali na koyi dabara. Kada ka shiga kogo idan ka san an kusa kiran salla. Kada ka biye wa kowane ƙaramin aike da mutanen gari za su ɗora maka, don su ma kamar dangi suke, ba sa ƙarewa. Ka ajiye a inda abin ya yi daɗi, shi zai jawo ka gobe. Wata rana abin da nake samu bai wuce in taka daga wannan gari zuwa wancan ba, a kira la'asar. Amma tafiya tana ci.

Abin da ban shirya masa ba shi ne Ingilishin. Da na fara karantawa da kaina sai na tarar da wasu mutane daban. Mai gadin ƙofa ashe bai taɓa neman na goro ba, wata doguwar magana yake a kan alkawarin kakanninsa. Bokanyar nan ba mafaɗaciya ba ce, mace ce mai sanyin magana da baƙin ciki. Sarkin ma sarki ne kawai. Rabin abin da nake ƙauna a gem ɗin ashe ba a cikin na'urar yake ba, a bakin Lawali yake. Na ci gaba duk da haka, labarin yana da kyau, amma ɗakin shiru. Idan na kashe wani babban dodo da ya wahalar da ni, sai in waiga wajen tabarma kafin in tuna.

Watanni na yi a haka. Rannan, ana tsakiyar zafin bazara, na kai Tanko gaban wata ƙatuwar ƙofa a kan dutse. Sai rubutu ya fito a allo, yana cewa wanda ya shiga nan ba ya dawowa, idan akwai abin da ban gama ba in je in gama. Na duba agogo, da sauran lokaci sosai kafin la'asar. Waya a kashe, yara suna makarantar allo, batir a cike. Abin da na shekara da shekaru ina nema ga shi a hannuna, babu abin da ya rage sai in danna.

Na ajiye rimot a ƙasa. Ina jiyo kukan tattabarun maƙwabci, da Hadiza tana kankare tukunya a tsakar gida. Na tambayi kaina, idan na danna na ga ƙarshen, sai kuma me? In tura wa Lawali saƙo in ce na gama, ya ce madalla. Daga nan me ya rage tsakanina da shi wanda ba gaisuwar Sallah da ta'aziyya ba?

A zaunen nan na gane Inna Tumba. Ba mantawa ta yi ba. Tsohuwa ce da ta haifi 'ya'ya boda ta raba mata su, motoci suka kwashe mata jikoki ɗaya bayan ɗaya, ba ta da waya, ba ta iya rubutu, ba ta da ƙafar bin kowa. Abin da take da shi kawai ƙarshen labari ne, kuma ta san ranar da ta bayar da shi, Lawali ba shi da sauran abin da ya bari a ɗakinta. Ni ina yaro na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne yadda ake gama doguwar tafiya da guntun lokaci, kuma gaskiya ne, ya yi mini amfani. Sai da na girma na ga ɗaya darasin, wanda ba ta faɗa da baki ba, da wannan "sai wani zuwan" nata ta koyar da shi. Na ji tausayinta ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da muka kai ta makwanci. Na ji tausayin kaina kuma.

Na ajiye gem ɗin a bakin ƙofar, na kashe na'urar, na mayar mata da ɗankwalinta.

Bayan kwana biyu Lawali ya kira, abin da ya daɗe bai yi ba. Muka gaisa, ya tambayi jikin tsoho, na tambayi iyali da zafin Arlit. Har za mu yi sallama sai ya ce, "Af, taubashi, ina labarin mutumenmu? Ka kai shi?"

Na ce, "Ina hwa! Ka san albasa. Ban samu lokaci ba. Kuma Ingilishin nan nasu ba ya shiga kaina, sai ka zo."

Ya yi dariya, irin tasa ta da, har da tari. Ya ce, "Raggo! Ɗan boko guda ka kasa? To bari, bayan Sallah in Allah ya so ina nan tahe."

Bai ce wace Sallar ba, ni ma ban tambaya ba.